Maigida Ya Kulle Wayar Karatun Yara, Ga JAMB Ta Matso

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, ɗinki nake yi a cikin gida. 'Ya'yana uku: babbar shekararta 16, tana ajin ƙarshe na sakandare kuma bana za ta zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 12, sai auta 'yar shekara huɗu. Ƙanena da ke karatu a jami'a shi ya yi ta gaya mini cewa akwai darussa kyauta a intanet waɗanda suka fi lesin ɗin da ba mu da halin biya. Da na kwashi adashi sai na je PZ na sayo waya ta hannu, na ce ta karatun yara ce. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana a gida ba. Bai hana ba, amma na ga ransa bai so ba. Mahaifiyarsa, Hajiya, da muke gida ɗaya, tun ranar ta ce na kawo wa yara fitina.

Bayan wata uku, wani dare da ya dawo daga tafiya, ya fito wajen ƙarfe ɗaya sai ya hango haske a ƙarƙashin bargon yaron. Ashe bidiyon 'yan mata masu rawar banza yake kallo a TikTok, kuma ashe shi ke cinye datar da nake ta sawa ina zaton karatu ke cinye ta. Ya zane shi, ya kulle wayar a durowa, ya tafi da makullin. Ya ce ni na jawo, kuma kada ya sake jin zancen karatun waya a gidansa. Hajiya ta ce ai dama ta faɗa. Yanzu babbar kullum cikin kuka take, don da wayar take bitar tambayoyin jarrabawa, kuma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. Autar ma rigima take yi, don na saba miƙa mata wayar idan ina kan keke. Zuciyata tana raya mini in sayi wata a ɓoye in ajiye a gidan maƙwabciyata. Ni iyakar karatuna sakandare, Turancina ba ƙarfi, ko na leƙa ban san me suke yi ba. Don Allah ki ba ni shawara.

Uwar 'ya'ya uku, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Sannu da wannan ɗawainiya, Allah Ya shirya mana zuri'a. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne adashin nan. Da kin so, da atamfa kika saya, ko ki sauya keken ɗinki. Kika zaɓi karatun 'ya'yanki. Kada abin da ya faru ya sa ki riƙa ganin kanki a matsayin wadda ta lalata ɗanta, ba haka ba ne. Kuma ƙanenki bai yi miki ƙarya ba: darussan nan suna nan, da yawansu kyauta ne, wasu ma sun fi abin da ake biyan kuɗi a samu.

Sai dai zan gaya miki gaskiya tsakanina da ke. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayar da ta kwana wata uku a ɗakin yara, babu lambar sirri, babu ƙayyadadden lokaci, babu babban da ke duba inda aka shiga, ko ɗan waye aka bar wa ita abin da zai faru ke nan. An sayi wayar, amma ba a tsara mata zama a gidan ba. Wannan shi ne gyaran da ke gabanki, kuma gyara ne da za ki iya ko da ba ki jin Turanci ko kalma ɗaya.

Maganar sayen wata a ɓoye, don Allah ki cire ta daga ranki tun yau. A unguwa irin Tudun Wada, inda katanga ɗaya ta raba ki da maƙwabta, kwana nawa sirrin zai yi? Ranar da ya fito, ba zancen waya za a yi ba kuma, zancen amana za a yi, kuma ranar ba ki da bakin kare kanki gaban maigida ko gaban Hajiya. Abin da ya fi wannan muni, za ki koya wa 'yarki budurwa cewa idan uba ya hana abu, akwai ƙofar baya. Yaronki ma abin da ya yi ke nan, ɓoyo a ƙarƙashin bargo. Ba za a magance ɓoyo da wani ɓoyon ba.

Mu dubi maigidanki da idon adalci. Mutum ne da ke kwana a hanya, yana barin gida a hannunki da na mahaifiyarsa. Ya dawo a gajiye, tsakar dare ya ga ɗansa da yake yi wa kallon yaro ƙarami yana kallon tsiraici. Abin da ya fito a matsayin fushi, a ƙasansa tsoro ne, da kuma jin cewa abubuwa suna shiga gidansa ba ya nan, ba shi da iko a kansu. Kin kuma faɗa da bakinki cewa tun farko ransa bai so ba, shiru kawai ya yi. Ban goyi bayan ɗora miki laifin duka ba, kuma ban ga adalci a hukunta yarinyar da ba ta yi komai ba saboda laifin ƙanenta. Amma idan kika tunkare shi da niyyar nuna masa ya yi kuskure, sai ya ƙara ƙulle durowar.

Ki bari ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, ya huce. Ba a gaban yara ba, ba kuma inda Hajiya za ta ji ba. Ki fara da abin da yake gaskiya: "Baban yara, ka yi gaskiya, na yi sakaci da na bar wayar nan tana kwana a wajensu. Ina neman afuwa." Kada ki haɗa da "amma" a wannan numfashin, ki bar maganar ta zauna. Sannan ki kawo zancen yarinyar, ki kawo shi a matsayin matsalar da kike neman shawararsa a kai, domin matsalarsa ce shi ma. Shi zai biya kuɗin rajista, shi zai ji ciwo idan ta faɗi.

Ga abin da ya kamata ya sani. Tun shekarar 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Darussa huɗu ne, Turanci dole a ciki, tambayoyi 180 cikin awa biyu, maki 400. Ki lissafa: ko minti ɗaya ba ya kaiwa kan kowace tambaya. Wata rana na shiga wani shagon kwamfuta a Samaru zan buga takarda, na tarar da wata yarinya sa'ar 'yarki, da hijabinta har ƙasa, an zaunar da ita gwaji. Ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana nuna allo da shi kamar rimot, hannunta yana rawa. Mai shagon ya ɗora hannunta a kan tebur ya nuna mata, kafin rabin awa ta ware tana amsa tambayoyin Bayoloji ɗaya bayan ɗaya, kuma daidai take amsawa. Ilimin yana kanta, na'urar ce baƙuwa. Ki yi tunanin a ce ranar jarrabawa ce ta fara ɗaga linzamin nan, agogo yana tafiya a kusurwar allo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da zai sauƙaƙa miki: abin da babbar 'yarki ta fi buƙata a yanzu ba ma wayar ba ce, zama gaban kwamfuta ne. Kuma a Zariya kike, garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da harabarta a Samaru da Kongo, ga Nuhu Bamalli, ga ɗalibai a kowace unguwa. Shagunan da ke koyar da gwajin CBT, wato jarrabawa a kwamfuta, suna nan daga Kongo har Sabon Gari. Ko zama huɗu ko biyar ta samu, na awa ɗaya-ɗaya, kawunta ya raka ta ya dawo da ita, tsoron zai fita. Idan shi kawun yana da kwamfutar tafi-da-gidanka, ko zai iya aro wajen aboki, ya riƙa zuwa da ita gida ranar Asabar, su zauna a tsakar gida inda kowa ke gani. Idan kuma ba ku riga kun yi rajista ba, ku nuna tana son jarrabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta gaske. Akwai ɗan kuɗi a kai, amma ta cancanci kuɗinta. Wannan buƙata da wuya maigida ya ƙi ta, domin babu waya a ciki.

Idan an sake buɗe wayar, kada a bar yarinyar tana yawo a intanet tana neman "karatu". Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, amma yawan dami ma yana ruɗa kaza. Kawunta ya zauna ya zaɓar mata abu uku ko huɗu, sauran a share. Manhajar karatu ta JAMB, wato jerin batutuwan da ake fitar da tambaya daga cikinsu, tana shafin hukumar kyauta. A buga mata ita a takarda ta riƙa soke abin da ta gama. Hukumar WAEC tana da sashe a shafinta inda take ajiye tsofaffin tambayoyi tare da bayanin manyan masu duba takardu kan inda ɗalibai suka fi yin kuskure, kuma 'yan kaɗan ne suka san da shi. Don Lissafi da Kimiyya akwai Khan Academy, wadda wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya kafa a 2008 bayan ya fara da koya wa 'yar'uwarsa lissafi daga nesa. Ba a biyan ko sisi. Turancin Amurka ne, da farko zai yi mata sauri, amma ana iya rage gudun bidiyon a kuma kunna rubutun abin da ake faɗa. Idan makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje na kirki, akwai PhET na Jami'ar Colorado, inda za ta haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo ta ga yadda wuta ke gudana. Akwai kuma uLesson, ta 'yan Nijeriya ce kuma tana bin manhajarmu, sai dai ita biya ake yi, don haka kada ki takura kanki a kanta.

Ki ja mata kunne kan abu biyu. Na ɗaya, zaurukan WhatsApp da Telegram masu alkawarin satar amsa ko ƙarin maki idan an tura kuɗi: damfara ce, kuma wanda aka kama da maguɗi sakamakonsa ake sokewa. Na biyu, zaurukan "karatu" da ba a san wanda ya buɗe su ba, inda lambar yarinya ke faɗawa hannun mazan da ba karatu ya kawo su ba. Zauren da malaminsu na makaranta bai sani ba, ba nata ba ne.

Yanzu ɗanki, wanda ina jin shi ya fi kowa kwana da nauyi a zuciya a gidan nan, kuma shi ne ba wanda ya tambaya. Yaron nan bai lalace ba. Shekara 12 lokaci ne da jiki ya fara sauyawa, son sani ya yi yawa, hankalin tsayar da kai bai gama nuna ba. Su kuma irin waɗannan manhajoji an gina su ne don kada a ajiye su: suna lura da bidiyon da ido ya daɗe a kai, su ƙaro irinsa, su ƙaro wanda ya fi shi. Yaro zai shiga kallon ƙwallo ko barkwanci, ya tsaya daƙiƙa biyar a kan wata mai rawa, gobe ya tarar an cika masa allo da irinta. Manya masu gemu ma suna faɗawa wannan rami. Su kansu masu TikTok dokarsu ta ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi, ɗanki ma bai kai ba.

Ya sha duka, wannan ya wuce. Amma bulala abin da take koyarwa shi ne a ƙara iya ɓoyewa, kuma ki sani ko an jefa wayarku a rijiya, akwai ta aboki a makaranta, akwai ta mai shagon caji a bakin layi. Katangar da za ta bi shi duk inda ya je ita ce wadda aka gina a zuciyarsa. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ki sa shi ya riƙe miki yadi kina yanka, don magana ta fi fita idan ba a kallon ido. Ki ce masa: "Abin da ka kalla haramun ne kuma yana ɓata zuciya, amma kai ɗana ne, ban fasa sonka ba. Gaya mini yadda aka fara." Ki saurara, ko da abin da zai faɗa zai ƙona miki rai. Ki tambaye shi ko akwai wani babba da ke tura masa irin waɗannan abubuwa ko yake masa magana ta waya. Idan akwai, wannan magana ce da dole mahaifinsa ya ji a ranar. Sauran bayani na balaga da tsarki da kame ido, aikin uba ne ko kawu, ki roƙi maigida ya yi shi cikin natsuwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma ki hana 'yan gidan yi masa gori da abin, har da yayarsa, wadda na san tana jin haushinsa.

Datar da ya cinye kuwa, ya biya. Ba da kuɗi ba, da aiki: guga, kai ɗinki gidajen masu shi, ɗiban ruwa na wasu makonni, a gaya masa a fili cewa bashin data yake biya. Ya yi wata guda bai taɓa wayar ba. Bayan nan a dawo masa da ita kaɗan-kaɗan, rabin awa, a gabanki. A ba shi abin yi na gaske. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne, yana bin darussan firamare da sakandare na ƙasar nan, kuma akwai darussa da Hausa a ciki, ke nan ke ma za ki ji abin da ake faɗa. Yaron da ya iya gano lambar data da hanyar ɓoye manhaja yana da kai. Kawunsa ya nuna masa Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta yi don yara su koyi haɗa wasa da zane mai motsi da hannunsu. Wanda ya ɗanɗana daɗin ƙera abu, zaman kallo kawai yakan rage masa armashi.

Kin ce ko kin leƙa ba ki san me suke yi ba. 'Yar'uwata, kin raina kanki. Ke da kike duban ɗinkin 'yar koyo ki gane inda ta ha'inci kalmasa tun daga nesa? Ki saya wa kowannensu littafin rubutu guda na musamman. Dokar ita ce: ba a kunna darasi sai littafi yana buɗe da biro a hannu. Idan an gama, ki ce a kawo. Ki ga kwanan wata, ki ga abin da aka rubuta, sannan ki ce, "To, bayyana mini da Hausa." Wanda ya fahimci darasi zai iya faɗarsa da harshen uwarsa, wanda ya yi kallo kawai zai fara in'ina. Wannan gwaji ba ya buƙatar Turanci, kuma shi ne zai kama miki wata sabuwar ha'inci da ta shigo, ta kwafo amsar aikin gida daga manhajojin nan masu amsa kowace tambaya. Shafi ya cika da rubutu mai kyau, kai babu komai.

Ita auta maganarta gajeriya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Rigimar da take yi za ta wuce cikin 'yan kwanaki idan ba a sake miƙa mata ba. Ki zuba mata ƙyallayen yadi da murafen kwalba kusa da kekenki, ta ware ja daban, shuɗi daban, ta ƙirga. In za ta kalli wani abu daga baya, ya zama wanda aka zaɓa aka sauke, kamar shirye-shiryen yara na Ubongo da ake samu da Hausa, ko ƙananan littattafan hoto na African Storybook, waɗanda su ma akwai na Hausa kyauta. Yayarta ta karanta mata a bayyane tana nuna hoton da yatsa.

Sai Hajiya. Na san "ai na faɗa" ɗin nan ya yi miki zafi, amma ki haɗiye, domin tsohuwar nan ita ce mabuɗin durowar, ba makullin da ke aljihun ɗanta ba. Kuma tsoronta yana da tushe. A zamaninsu karatu a fili ake yinsa. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma yadda ake cin moriyarta shi ne mai ilimi ɗaya ya karanta da ƙarfi a zaure ko gindin bishiya, jama'a suna ji. Makarantar allo ma haka, kowa yana jin abin da kowa ke biyawa. Abin da ya tayar mata da hankali game da waya shi ne karatun da ake yi shiru, fuska a haske, ba wanda ya san da wa ake tare. Ki ba ta gaskiyarta, sannan ki ba ta muƙami. Ki je ki durƙusa ki ce: "Hajiya, maganarki ta tabbata. In Baban yara ya yarda a dawo da wayar saboda jarrabawar jikarki, ina roƙon a ɗakinki za ta riƙa kwana. Daga sallar isha'i a kawo miki, ba mai karɓa sai da izininki." Tsohuwar da aka damƙa wa amana ba ta wasa da ita, kuma wadda take tsaron abu ta daina zama mai yaƙi da shi.

Ki kuma bari ta ga amfanin da idonta. A sauke karatun Alƙur'ani na koyarwa, irin na Shaihu Minshawi wanda yake karanta aya yaro ya maimaita, ko na Shaihu Husari mai bi a hankali, a kunna da safe a ƙofar ɗakinta auta tana bi. Abu ɗaya za ki kula da shi: yawancin manhajojin Alƙur'ani da ruwayar Hafsu suke zuwa, makarantun allo namu kuwa Warshu suka fi yi. Ki tambayi malamin yaran wadda yake koyarwa, a sauke irinta, don kada a rikita musu baki. Manhaja tana taimakon tilawa ne kawai, gyaran karatu sai a gaban malami.

Shi ma maigida akwai rawar da zai taka ko yana kan hanyar Legas. Akwai manhajar Google mai suna Family Link, kyauta ce a wayoyin Android. Idan aka haɗa wayar yaran da tasa, muddin wayar yaran tana hawa intanet, daga inda yake zai ga minti nawa aka yi a kowace manhaja, ba a sauke sabuwa sai ya amince, zai sa lokacin da wayar za ta kulle kanta da dare, zai ma iya kulle ta nan take. Kawun yara ya haɗa musu a gabansa, a goge TikTok da duk abin da ba na karatu ba yana kallo, lambar sirri kuma ta zama shi da ke kaɗai kuka sani. Kada dai ku dogara da ita ɗari bisa ɗari, yara suna koya wa juna dabarun zagaye irin waɗannan shingaye. Idonki da ɗakin Hajiya su ne na gaba. Amma ga mutumin da damuwarsa ita ce abu yana faruwa a bayansa, wannan zai kwantar masa da hankali ƙwarai. Ki roƙe shi gwajin wata ɗaya kawai: waya a tsakar gida, bayan la'asar ko tsakanin magariba da isha'i, kusa da kekenki, allo yana kallon inda kike. In aka karya doka, ke da kanki za ki mayar da ita durowa.

Batun kuɗin data, wanda ya ƙara tsada tun da aka yi ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025, dabarar ita ce saukewa maimakon kallo kai tsaye. Bidiyo mai tsananin haske yana iya cin kusan gigabait guda a awa ɗaya, alhali darasin allo da alli ba ya buƙatar wannan hasken. A rage shi. Kawu ya riƙa sauke darussan mako guda a lokaci ɗaya, da datar dare mai rahusa ko inda yake samun intanet a makaranta, sannan a kashe data, ko ma a cire layin gaba ɗaya. Wayar da babu layi a cikinta, cike da darussan da aka zaɓa, ta kusa zama littafi. Kin ga an jefi tsuntsu biyu: kuɗi ya ragu, ƙofar ɓarna ta rufe. A riƙa yi mata caji a ɗakin Hajiya duk lokacin da aka kawo wuta.

Zai yiwu ki yi duk wannan ya ce a'a. In haka ta faru, kada ki ja. Ki nemi abu mafi ƙanƙanta: zuwan yarinyar gwajin kwamfuta da rakiyar kawunta, da littattafan tsofaffin tambayoyi na takarda, waɗanda ake samu a shagunan littattafai na Sabon Gari da Samaru, har na hannu wajen waɗanda suka zana bara. Ɗalibai da yawa sun ci JAMB da waɗannan kaɗai. Idan har wannan ma ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa ko malamin yarinyar, ya yi masa bayani a matsayin mai ba da shawara, ba mai kawo ƙara ba. Wayar kuwa ta zauna a durowa zuwa lokacin da zuciya za ta sauko. Ba ta ruɓewa.

A daren yau, kafin komai, ki kira babbar 'yarki ki gaya mata cewa kin san ba ta yi laifi ba, kuma kina kan maganarta ta hanyar da ta dace. Ta share hawaye ta ɗauko littattafanta na makaranta, ta fara da darasin da ya fi ba ta wuya. Gobe ki kira ƙanenki ya nemo shagon gwaji mafi kusa da ku ya ji farashi, don ranar da maigida zai dawo ki je masa da magana a shirye. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna, ina son jin yadda kuka yi da Hajiya, da kuma abin da yaron ya gaya miki. Allah Ya ba yarinya sa'a, Ya sanya albarka a ɗinkinki.